Ɗan kasuwarmu na da kuɗin, takarda ce ba shi da ita

Jama'a, akwai wata magana da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya.

Wani abokina ɗan Sabon Birni, sana'arshi sayen wake da gero, ya kwashe iyalinshi ya kai Sakkwato saboda halin da ake ciki. Shekara uku ke nan yana haya. Mutum ne da a kaka guda yake juya kuɗin da ma'aikacin ƙaramar hukuma ba ya gani a shekara biyar. Ya je wani banki neman bashin sayen gida, suka ce ya kawo takardar albashi. Ya ce ba ya aikin gwamnati. To, ya kawo takardar shige da ficen kuɗinshi ta banki. Aka buga, sai ga asusu kamar na almajiri, don cinikinshi duk hannu da hannu ne. To, takardar fili fa? Ya fiddo ta mai unguwa, da sa hannun shaidu. Nan maganar ta mutu.

A takarda kam, tsarin bai hana shi ba. Tun 1992 aka kafa Asusun Gidaje na Ƙasa, NHF, wanda bankin lamunin gidaje na tarayya, FMBN, ke riƙe da shi. Kana zuba kashi 2.5 cikin 100 na abin da kake samu a wata, in ka yi wata shida kana iya neman bashi, ruwa kashi 6, biya har shekara 30. Mai sana'ar kanshi ma an ce ya shigo. Sai dai duk an ɗinka rigar ne a jikin mai albashi, wanda ake cire mashi kafin kuɗin su shigo hannu. Manomin Isa da ke ganin kuɗi sau ɗaya ko biyu a shekara, ina zai samo "abin da kake samu a wata"?

Maganar fili ta fi ciwo. Dokar filaye ta 1978 ta damƙa ƙasa ga gwamna, kuma banki bai san wata shaida ba sai C of O. Gidajenmu na gado ne, kakanninmu sun zauna cikinsu tun kafin Bature ya zo, amma a idon banki kamar ba su nan. Kuma ko da takardar, mu faɗa wa juna gaskiya: wane banki ne zai karɓi gida a Gatawa jingina, garin da aka sace Sarkin Gobir ɗinshi, Alhaji Isa Bawa, a 2024 har ya rasu a hannun 'yan bindiga? Gidan da mai shi ya gudu ya bari, wa zai saye shi in an kasa biya? Rashin tsaro ya cinye mana rayuka da dabbobi, ya kuma cinye darajar gidajenmu ba a ko maganarshi.

Mu ma da namu laifin fa. Muna ƙin banki, muna ɗaure kuɗi a leda. Na san dalili. A 2021 aka datse mana layukan waya, a 2023 canjin kuɗi ya gasa mana aya a hannu, wanda ya ajiye a banki ya zama abin tausayi. Duk da haka, kuɗin da bai bi ta asusu ba bai da tarihi. Ɗan kasuwar da ke son gida nan da shekara biyu, yau zai fara tura cinikinshi ta asusu, ko da ta POS ne, ya yi wa kasuwancin rajista.

Wasu za su ce ai riba ce, haramun ce. Gaskiya ne, kashi 6 ma ruwa ne, kuma ni ban ce kowa ya ci ba. Akwai bankunan da ba su ta'ammali da ruwa, Jaiz ya fara aiki tun 2012. Amma je ka gani, su ma takardun nan dai za su tambaye ka.

Abin da nake so wakilanmu na Isa da Sabon Birni su riƙe ke nan, maimakon rabon buhun shinkafa. Gwamnatin jiha ta sauƙaƙa takardar fili, kuɗinta da jiranta, musamman ga 'yan gudun hijirarmu da suka sayi filaye a bayan garin Sakkwato. A kuma matsa a karɓi biya na kaka-kaka, a karɓi littafin adashi da shaidar ƙungiyar 'yan kasuwa. Mutumin da ya yi shekara goma yana zubi bai taɓa tsallake sati ba, wallahi ya fi wani mai albashin riƙon alkawari.

Abokin nawa dai makon jiya mai gida ya ƙara mashi kuɗin haya. Ya biya na shekara guda, lakadan.