HULAR KWANO: TA KAI CE KO TA BABUR?

Na san wasu za su ga kan wannan maƙala su ja tsaki, su ce mujallar da aka saba nazarin waƙa da karin magana a cikinta, yau kuma ga wani ya shigo da zancen hula. Ina roƙon a yi mini haƙuri a karanta har ƙarshe, domin kuwa kan da ake yin nazarin waƙar da shi, shi ne abin da na zo karewa.

Ga mafarin zancen. A hutun da ya wuce ina gida Bakura, sai ran kasuwa na leƙa Talata Mafara. Muna zaune a inuwa mu wajen shida, duk ɗalibai, sai ga wani ɗan uwanmu ya kafe babur ɗinsa, ya ciro hular kwano daga kansa, ya rataya ta a hannu ya nufo mu. Kafin ya gama sallama wuri ya kaure da dariya. Wannan ya ce, "Sannu da zuwa Bature." Wancan ya ce, "Malam, yaƙi za ka?" Nan gardama ta tashi: in mutum ya kafe babur ko keke, ya bar hular a jikin abin hawan ne, ko ya tafi da ita? Mafi yawa suka ce a bar ta can, wai ai kayan babur ce, kamar madubi da famfo. Ni kuwa na ce wannan kuskure ne, kuma kuskuren da ke kai mutane kabari.

Ba da ka nake faɗin haka ba. Ina da aboki da muka tashi tare tun firamare, manomin shinkafa a filayen noman rani na Bakolori. Yana da hular kwano mai kyau, amma kullum a rataye take a madubin babur. Wata rana ya shiga kasuwa ya fito, babu hula. Ya ce ba komai, in ya sayar da shinkafa zai sayi wata. Shinkafar ba ta kai ga nuna ba, akuya ta gitta masa a kan hanya. Ba gudu yake yi ba. Bai karye a hannu ko ƙafa ba, rigarsa ma ba ta yage sosai ba. Kansa ne kawai ya bugi bakin kwalta. Aka ɗauke shi sai Sakkwato, inda masu aikin ƙwaƙwalwa suke, aka dawo mana da gawa. Allah ya jiƙansa. Wanda ya sace hular nan ya ɗauka hula ya sata, bai san abin da ya haɗa da shi ba.

To, bari mu duba abin da hular take yi, domin da yawa cikinmu sun ɗauka kwano ne kawai da aka kifa a ka. Hular kirki hawa uku gare ta. Akwai ɓawon waje mai tauri, wanda ke hana abu mai tsini huda kai, ya kuma baza ƙarfin bugu. Akwai farin soso mai tauri a ciki, wanda shi ne ainihin mai aikin: in an bugu shi ke murƙushewa, ya shanye ƙarfin da zai girgiza ƙwaƙwalwa a cikin ƙoƙon kai. Sannan akwai maɗauri na haɓa, wanda in ba a ɗaure shi ba hular kan riga mai ita isa ƙasa. Wannan soso sau ɗaya yake aiki. In ya murƙushe ba ya komawa yadda yake, ko da daga waje hular tana ƙyalli. Wani babban nazari da aka fitar a 2008, wanda ya tattara binciken likitoci daga ƙasashe dabam-dabam, ya nuna hular kwano tana rage haɗarin mutuwar mai babur da kimanin kashi 40 cikin 100, tana kuma rage haɗarin raunin kai da kimanin kashi 70 cikin 100.

Yanzu sai mu tambayi mai rataye hula a babur: me kake yi wa wannan abu? Na farko, ka ba ɓarawo. Hula ba ta da lamba, ba ta da takarda, ana sa ta cikin buhu a wuce. Ranar da aka sace ta kuwa ba a ƙafa za ka koma gida ba, hawa za ka yi da kai tsirara, gobe ma haka, jibi ma haka, har abin ya zama jiki. Na biyu, ka ba rana. Kowa ya san zafin ƙasar nan a watan Afrilu, sa'ad da ma'aunin zafi ke haura 40. Hular da ke gasuwa tun hantsi har la'asar, gam ɗinta da maɗaurinta da ɓawonta ba za su daɗe ba, kuma in ka dawo ka tarar da ita kamar tanda ba za ka iya sa ta ba, sai ka maƙale ta a kariya. Na uku, ka ba tsautsayin wurin ajiya. Babura a jere suke kamar kifi a tire. Wani ya zo fitar da nasa ya ture naka, hular ta faɗo a kan siminti, ya ɗauka ya mayar, kai ba ka sani ba. Wasu kuma a kan tanki suke kifa ta, alhali fetur da tururinsa suna cin wannan soso na ciki. Da damina ruwa ya jiƙa ta, da hunturu ƙura ta cika ta.

Amma duk wannan ba shi ne babban laifin ba. Babban laifin yana cikin tunani. Wanda ya ce hula kayan babur ce, ya riga ya yanke hukunci cewa ba don kansa ya saye ta ba, don ma'aikacin hanya ya saya. Laya ce ta kau da idon hukuma. Mun kuwa ga inda wannan tunani ya kai mu. An kafa Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa a 1988, Wole Soyinka ne shugabanta na farko. Ran 1 ga Janairu 2009 hukumar ta fara tilasta wa masu babur da fasinjojinsu sa hular kwano. Me ya faru? A Kano da wasu garuruwa aka riƙa kama 'yan acaɓa da ƙwarya a ka an ɗaura mata igiya, wasu da tukwane, wasu da robobi. Labarin ya zaga duniya, aka yi mana dariya har a gidajen rediyon ƙasashen waje. Mu ma muka yi dariya, muka ce wayo ne. Ina wayo a nan? Mutum ya kifa ƙoƙo a kan ƙoƙo, ya ce ya cuci gwamnati! Kwalta ba ta karɓar cin hanci, ba ta kuma san an yi mata wayo ba. Ɗalibin jami'a da ke rataye hula a madubi don ya sa ta in ya hango shinge, da mai ƙwaryar nan, tunaninsu ɗaya ne. Bambancin kawai shi ne ɗaya ya fi kashe kuɗi.

Na san hujjojin da ake kawowa, bari in bi su ɗaya bayan ɗaya.

Wasu suka ce nauyi gare ta, kuma abin kunya ne mutum ya shiga lacca ko ofis da hula a hannu. Haba jama'a! Ran Juma'a wane ne cikinmu ba ya ɗaukar takalmansa a hannu ya shiga da su masallaci, ya haɗa bayansu ya ajiye a gabansa? Ba mu jin kunyar riƙe abin da ya taka ƙasa, don tsoron kada mu koma gida ba takalmi. Ashe tafin ƙafa ya fi ƙwaƙwalwa daraja ke nan? Muna yawo da jakar littattafai da kwamfuta wadda ta fi hular nauyi, ba wanda ya ce a bar ta a kariya. Abin da aka zuba cikin kwamfuta ana iya kwafe shi a wani wuri. Karatun shekara goma sha shida da ke cikin ka fa, a ina aka kwafe shi?

Wasu suka ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa, in ajali ya zo hula ba ta hanawa. Gaskiya ne, ba wanda ke ja da ƙaddara. Amma mai faɗin haka shi ne ke sa wa babur ɗinsa kwaɗo biyu da sarƙa, bai taɓa cewa in an ƙaddara za a sace ba kwaɗo ba ya hanawa. Tawakkalinsa a kan ransa kawai yake, ban da dukiyarsa. Malamanmu sun karantar da mu cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sa sulke ran Uhudu, kuma ya shiga Makka ranar da aka buɗe ta da kwalkwali a kansa. Sun kuma karantar da mu labarin mai raƙumin da aka umurta ya ɗaure dabbarsa sannan ya dogara ga Allah. Wa zai ce ya fi su tawakkali?

Wasu suka ce al'adar Turawa ce, mu hularmu zanna ce da ƙube da rawani. Wannan ita ce hujjar da ta fi ba ni haushi a bakin ɗan Ƙungiyar Hausa. Wanda ya taɓa kallon hawan salla ya ga 'yan lifida da kwalkwali a ka, ya ga 'yan sulke. Kakanninmu na Zamfara da Gobir da Kabi sun san cewa mahayi yana bukatar abin kare kai tun kafin a ƙera babur. Ka taɓa jin barden da ya rataye kwalkwalinsa a turke ya ce kayan doki ne? Su kansu Turawan sai da suka sha wuya suka koya. A 1935 wani sanannen sojan Ingila, T. E. Lawrence, ya faɗi a babur ya mutu da raunin kai. Ɗaya daga likitocin da suka duba shi, Hugh Cairns, shi ya duƙufa kan binciken da ya sa rundunar sojan Ingila ta wajabta hular kwano a 1941, ƙasar kuma ta mai da ita doka ga kowa a 1973. Su gawa ɗaya ta sa su tunani. Mu gawa nawa muke jira?

Wasu kuma suka ce ba sa son hular saboda ƙwarƙwata da makero, ko don tsoron a sa musu asiri a ciki, kamar yadda aka yi ta yayatawa a 2009. To, ai wannan hujja tawa ce ba tasu ba. In kana ƙyamar hular ɗan kabu-kabu da kowa ke sawa, ka mallaki taka, ka riƙe ta a hannunka. Hular da ka bari a fili awa biyar ba ka san wanda ya taɓa ta ba, ita ce abin tsoro.

Masu keke kada su ce ba da su nake ba. Hanya ɗaya suke bi da tirela da motar haya tsakanin Gusau da Sakkwato, kuma kan mai keke bai fi na mai babur tauri ba. Hularsu ma ta fi sauƙin ɗauka, ana iya maƙala ta a jikin jaka.

Don kada a ce na ƙi gaskiya, na yarda akwai inda barin hula ba laifi ba ne. In babur ɗinka yana da akwati mai makulli, ko kana da inuwa da mai gadi amintacce, ka bar ta. In dole ta sa za ka bari a fili, ka zura sarƙa ta cikin hular kanta, kada ka kulle maɗauri kawai, domin reza ɗaya ta ishe shi. Na kuma yarda cewa a wannan yanki namu da ke fama da 'yan bindiga masu yawo a kan babura, har gwamnatin jiha ta taƙaita hawan babur da dare a 2021, mutumin da ya rufe fuska yana iya jawo zargi. Maganin wannan shi ne ka ɗaga gilashin hular ko ka cire ta in ka iso shingen jami'an tsaro, ka mayar in ka wuce. Rashin tsaron ma ƙarin dalili ne: inda hanya ba ta biyuwa da dare, wanda ya fasa kai da magariba yaushe zai isa hannun likita?

Saboda haka ina kira ga ƙungiyoyin ɗalibai da hukumomin makarantunmu. Maimakon a ƙare shekara ana rigimar kuɗin walima, a kafa kanta a bakin ɗakunan lacca da ɗakin karatu, inda mutum zai ajiye hularsa a ba shi lamba, kamar yadda ake yi wa jakunkuna. Katako ne da ƙusa, kafinta ɗaya zai gama a yini biyu. Shugabannin 'yan kabu-kabu da na kasuwanni su ma su yi haka a tashoshinsu. Malamanmu masu hawa babur kuwa, ku ne madubi. Ranar da ɗalibi ya ga malaminsa ya shigo aji ya ɗora hular kwano a kan tebur kusa da alli, daga ranar dariya ta ƙare.

Kai kuma ɗan uwana da aka yi wa dariya a Talata Mafara, ka ci gaba da riƙon hularka. Wanda ya ce maka Bature, ka ce masa ya tambayi iyayen abokina abin da suka gwammace: ɗansu yana yawo da hula a hannu ana yi masa dariya, ko abin da aka kawo musu daga Sakkwato. Hausawa sun ce in kunne ya ji, jiki ya tsira. Wanda yake ganin na yi kuskure, ga fili ga mai doki, ya aiko da martaninsa a fitowa ta gaba.

Allah ya kiyashe mu da mummunar ƙaddara, ya kai mu gidajenmu lafiya, amin. Wassalam.