Birin Meissen da Yatsan da Aka Ɗora

Duk wanda ya ɗauki ɗan mutum-mutumin tangaran na Meissen, abu na farko da yakan yi shi ne ya juya shi ya nemi tambarin takubba biyu masu launin shuɗi. Masana'antar, wadda Sarki Augustus na Saxony ya kafa a Jamus a 1710, ta fara buga wannan tambari wajen 1722. Sai dai tambarin bai isa shaida ba. An daɗe ana kwaikwayonsa, kuma ita kanta masana'antar tana nan tana aiki da tsoffin siffofinta. Birai makaɗa da Johann Joachim Kändler ya ƙera a 1753 har yau ana fitar da su, don haka biri biyu masu kama ɗaya na iya samun tazarar shekara 200 a tsakaninsu, kuɗinsu kuwa ko kusa.

Inda masu saye suka fi cutuwa shi ne wajen gyara. Abin da ya shekara 270 yana yawo daga hannu zuwa hannu da wuya ya tsira da yatsunsa duka, balle sarewar da birin ke riƙe da ita. Amma kasuwa ta fi son abu sumul. Wannan kwaɗayi ne ke sa wasu dillalai kai kaya wurin mai gyara, ya ɗora yatsa da danƙo, ya fesa fenti har kan wurin da lafiyarsa ƙalau don kada mahaɗar ta fito. Bayan wasu shekaru fentin ya koma rawaya, mai kaya ya gane ya biya kuɗin cikakke a kan ɗorarre.

Gano wannan ba wuya. Fitilar ultraviolet kan nuna facin a ɗaki mai duhu, kuma wurin da aka gyara ba ya da sanyi da taurin tangaran na asali idan an taɓa. Tsagar da ta faru tun a cikin wutar gashi kuwa da ita aka haifi abin, masana ba su cika rage mata kuɗi sosai ba.

Guntun kunne da ake gani ya fi gyaran da aka ɓoye, domin mai saye ya san abin da ya biya. Ya kamata duk dillali ya rubuta gyaran da aka yi a takardar ciniki, musamman idan kai ne aka sauya, don wannan kan karya farashi ƙwarai.