Gidan Gwamnati Amanar Jama'a Ne: Abin Da Muka Gani A Paris Da Liyon



'Yan'uwanmu mazauna ƙasar Faransa, da fatakenmu masu zuwa can sayen kaya, sukan kawo mana labarin yadda Gwamnatin ƙasar ke sayar da gidaje da filayen da ta ce ba ta bukatarsu. Mun ga ya kamata mu tsaya mu duba al'amarin nan da kyau, gama abin da ya ci Doma ba ya barin Awe.

Hujjar masu sayarwa ba ta banza ba ce. Sun ce gidan da ba kowa a ciki yana cin kuɗin gadi da gyara, ga kuma bashi a wuyan Gwamnati. Wannan gaskiya ne, kuma ba mu ce ciniki haram ne ba. Abin tambaya shi ne, yaya aka sayar, wa aka sayar wa, kuma me talaka ya samu?

Ga misali na fari. A birnin Paris akwai wani babban gini na maɗaba'ar Gwamnati a titin Convention. A 2003 aka sayar da shi ga wani kamfanin Amurka mai suna Carlyle a kan yuro miliyan 85. Kamfanin ya kashe kuɗi mai yawa ya gyara shi. A 2007 sai Gwamnati ta ga tana neman wurin da za ta zuba ma'aikatan harkokin waje, ta komo ta sayi ginin nan dai a kan yuro miliyan 376 da 'yan kai, har da haraji. To, jama'a, ku 'yan kasuwa ne. Ko an cire kuɗin gyara da haraji, in yaron shagonka ya yi maka irin wannan ciniki cikin shekara huɗu, za ka sake ba shi makulli? Asalin ɓarnar ita ce an ce gini ya yi rara tun ba a lissafta bukatar gobe ba.

A wajen lokacin nan kuma aka sayar wa mutanen Katar wani gini a titin Kléber, wanda a cikinsa aka sa hannu a kan sulhun yaƙin Biyetnam a 1973. A 2014 aka buɗe shi ya zama otal ɗin Peninsula, masaukin masu hannu da shuni. Kuɗin da aka karɓa an daɗe da kashe su, ginin kuwa ya fita hannun jama'a.

A Liyon an bi wata hanya dabam. Akwai tsohon asibiti a bakin kogin Rhône, ana ce da shi Hôtel-Dieu, ya yi ɗaruruwan shekaru ana jinyar marasa lafiya a ciki, mutanen gari da yawa a can aka haife su. Da aka rufe shi a 2010, hukumar asibitocin garin ba ta sayar ba, sai ta ba kamfanin Eiffage hayarsa ta shekara 99. Aka gyara shi tsaf, aka buɗe kantuna a 2018, aka buɗe babban otal a 2019. Wannan ya fi na Paris, gama in wa'adi ya cika wurin zai koma ga masu shi. Amma fa gidan da aka gina domin matalauta ya zama wurin da mai ƙaramin ƙarfi sai dai ya shiga ya yi kallo ya fita. Watau haya kaɗai ba ta isa ba, sai an rubuta rabon talaka a cikin takarda tun da fari.

Kada a ce mun kawo aibi kaɗai. A Liyon ɗin nan, tsohon gidan yari na Saint-Paul da aka rufe a 2009 ya zama jami'a a 2015, ɗalibai na karatu inda dā ake kulle mutane. A Paris kuwa, a Janairun 2013 aka yi doka wadda ta yarda Gwamnati ta rage kuɗin filinta, har ma ta bayar kyauta, in gidajen masu ƙaramin ƙarfi za a gina. Da Ma'aikatar Tsaro ta tashi daga tsohon mazauninta na Saint-Germain a 2015, aka sayar da wani sashe da rahusa ƙwarai, aka fitar da gidaje 254 na haya mai sauƙi, a unguwar da ke cikin mafi tsada a birnin. Haka kuma babban masallacin Paris da aka buɗe a 1926, a filin wani tsohon asibiti aka gina shi, hukumar birni ce ta bayar domin tunawa da sojojin Musulmi da suka mutu a Yaƙin Duniya na Ɗaya. Da a lokacin an sayar wa mai kuɗi, yau ina masallaci?

Sa'an nan ga abin da ya fi ƙarfafa mana gwiwa. A 2010 aka yi niyyar miƙa tsohon gidan hukumar sojan ruwa na dandalin Concorde ga 'yan kasuwa, gidan da a cikinsa aka shirya dokar hana bauta ta 1848. Malaman tarihi da jaridu suka ta da murya, har Shugaba Sarkozy ya naɗa kwamiti a ƙarƙashin tsohon shugaba Giscard d'Estaing. Gidan ya tsaya a hannun Gwamnati, a 2021 aka buɗe shi kowa ya shiga ya gani. Ashe magana tana da amfani in an yi ta kafin a sa hannu.

Mu ba mu yi karatun boko ba, amma abin da muka samu a gaban malamanmu ya ishe mu gane wannan. Da aka ci ƙasar Iraƙi, waɗansu Sahabbai suka nemi a raba musu gonakinta. Sayyidina Umar, Allah ya ƙara masa yarda, ya ƙi, ya bar ƙasar a hannun manomanta ana karɓar haraji, domin waɗanda za su zo daga baya su ma su sami rabo. Mai mulki wakili ne a kan dukiyar jama'a, kamar mai riƙon dukiyar maraya, ba ya taɓa ta sai ta hanyar da ta fi kyau.

To, mu komo gida. A nan Ankara ta Gana, maganar gidajen Gwamnati na Ridge da Cantonments da filayensu ta daɗe tana tashi a jaridu. A 2024 kuma aka so sayar da kashi 60 cikin 100 na otal huɗu na asusun fanshon ma'aikata ga kamfanin wani minista, ƙungiyoyin ƙwadago suka tsaya kai da fata, a watan Yuli aka fasa. Mu kuwa a zongo ɗaki guda mutum nawa ke kwana? Mata na kasa kaya a bakin kwata, yara na karatu a zaure mai yoyo, maƙabarta ta cika. Filin da ake ce wa rara a ofis, a wurinmu makaranta ce, ko asibiti, ko kasuwa.

Saboda haka ga abin da muke roƙo. Na ɗaya, kada a sayar da gida ko filin Gwamnati sai an yi shela a fili, an faɗi kuɗin da sunan mai saye. Na biyu, a fifita haya mai wa'adi a kan sayarwa ta har abada. Na uku, a rubuta rabon masu ƙaramin ƙarfi cikin yarjejeniya, kada a bar shi a fatar baki.

Mu ma akwai namu aikin. Muna roƙon sarakunan zongo da shugabannin 'yan kasuwa, kowa ya duba unguwarsa, ya rubuto mana duk wani fili ko kangon Gwamnati da ke zaune ba aiki. Za mu tara su a ofishin ƙungiya, mu rubuta takarda guda mu kai wa wakilinmu na Majalisa da Hukumar Filaye, tun kafin mu wayi gari mu ga an kewaye da kwano. Kuma duk masallaci ko makarantar da filinta ba takarda, a hanzarta a nema, gama shaidar baki tana mutuwa da mai ita. Da na sani ƙeya ce.

Allah ya ba shugabanninmu ikon riƙon amana, mu kuma ya ba mu haɗin kai, amin.

Wassalam.

Magatakardan Limam