Hannun da Koufax ya ƙi sayarwa

A watan Nuwamban 1966 Sandy Koufax ya tara 'yan jarida ya ce ya ajiye wasan besbol, yana ɗan shekara 30. A kakar da ta ƙare ya ci wa ƙungiyar Dodgers ta Los Angeles wasa 27, ya kuma karɓi kyautar Cy Young ta gwarzon masu jifa karo na uku. Yana kan ganiyarsa ya kakkaɓe riga ya tafi. Ni a wurina wannan shawara ta fi duk kofunansa daraja.

Mai jifa shi ne ke tsayawa a kan ɗan tudu, tazarar mita 18 da 'yan kai daga mai riƙe da kulki, ya wurga ƙwallo iya ƙarfinsa, sau ɗari ko fiye a wasa ɗaya. Gwiwar hannu ce ke shan wahalar. Ta Koufax, ta hagu, amosanin gaɓɓai ya riga ya cinye ta. Kafin wasa a shafa masa man zafi mai barkono har fata ta yi jajur, bayan wasa ya tsoma hannun cikin ƙanƙara, ga allurai. Wata safiya a 1965 ya farka ya tarar hannun ya yi baƙi saboda taruwar jini. Likita ya gargaɗe shi cewa hannun na iya mutuwa, shi kuwa ya zaɓi ya tsufa da hannunsa.

Bayan tafiyarsa sai tiyata ta sauya lamarin. A 1974 likita Frank Jobe ya ciro jijiya daga hannun daman wani mai jifa, Tommy John, ya dasa masa a gwiwar hagu. John ya dawo ya ƙara cin wasa 164, bai yi ritaya ba sai yana ɗan shekara 46. Wannan alheri ne, ba musu. Amma tiyatar ta sa ƙungiyoyi sun saki jiki. Yanzu jifa mai gudun kilomita 160 a awa ake nema, in jijiya ta tsinke a kira likita. Shohei Ohtani, mai jifa ɗan Japan, an yi masa aikin gwiwar a 2018, aka sake a 2023. Abin da ya fi ci mini rai shi ne har 'yan sakandare a Amurka ana kwantar da su a yi musu wannan tiyatar.

Baligi kamar Koufax yana iya cewa ya isa haka. Yaro ɗan shekara 16 mai mafarkin kwantiragi ba zai faɗa ba. Alhakin hannunsa na wuyan mai horas da shi da iyayensa.