Mai sayar da daɓen katako da haɗarin da ba ya gani

Duk wanda ya buɗe shagon katako ya san haɗarin da ke gabansa: gobara, gara, bashin da ba a biya, da damshin da ke kumbura katako da damina sa'annan hunturu ya zo ya tsattsage shi. Waɗannan kowa na ganinsu, kuma ɗan kasuwa mai hankali yana shirya musu. Mu a namu ganin, haɗarin da ya fi karya mai wannan sana'a yana can nesa da shagonsa, a dajin da bai taɓa takawa ba da masana'antar da bai taɓa leƙawa ba. Abin da ya sami wani kamfani a Amurka ya ishe mu misali.

Sunan kamfanin Lumber Liquidators. Wani mutum mai suna Tom Sullivan ne ya kafa shi a 1994, yana sayen ragowar katako da araha yana sayarwa. A hankali ya zama ɗaya daga cikin manyan masu sayar da katakon daɓen ɗaki a ƙasar, da shaguna ɗaruruwa. A Amurka kuwa daɓen katako abin ado ne, yana ƙara wa gida daraja ranar da za a sayar da shi. Makamin kamfanin guda ɗaya ne: araha. Tsakanin 2011 da 2013 ribar da yake samu a kan kaya, kafin a cire sauran ɗawainiya, ta tashi daga kusan kashi 35 cikin 100 zuwa 41. Masu hannun jari suka yi ta tafi. Kaɗan ne suka tsaya suka tambaya: ta yaya katako ke ƙara araha a wurinsa shi kaɗai?

Amsa ta farko ta fito daga dajin gabashin Rasha, inda ragowar damisar Saberiya ke zaune. Ana sare itacen ok a can ba bisa ƙa'ida ba, a tsallaka da shi China a sarrafa, a loda shi zuwa Amurka. Amurka tana da dokar Lacey tun 1900, wadda a 2008 aka faɗaɗa ta ta haɗa da katako. Dokar ta ɗora wa mai shigo da kaya alhakin sanin irin itacen da ƙasar da aka sare shi. A 2013 jami'an gwamnati suka kai samame ofisoshin kamfanin, a watan Oktoba na 2015 kuma ya amsa laifi a kotu. Daga cikin abin da aka kama shi da shi har da rubuta bayanin ƙarya a takardun duwan game da irin itacen da aka sare a Rasha. Ya biya dala miliyan 13 da ɗoriya, wato fiye da miliyar 7 na sefa. Ba ma'aikatansa ne suka riƙe gatari ba, amma abokin ɓarawo ai ɓarawo ne.

Amsa ta biyu ta fi muni. Ban da katako na asali, kamfanin yana sayar da wani daɓe mai rahusa da ake yi da garin katako, a cakuɗa da gam, a matse, a manna masa hoton katako a sama. Gam ɗin yana ɗauke da sinadarin fomaldihaid, wanda shi ne a cikin ruwan da ake adana gawa da shi a asibiti. Idan ya yi yawa yana fita cikin iskar ɗaki, ya sa ido da maƙogwaro zafi, kuma masana sun tabbatar yana haddasa ciwon daji. Gam mai ƙarancin sinadarin ya fi tsada, nan ne arahar ta ɓuya. Ranar 1 ga Maris 2015 shirin talabijin na 60 Minutes ya nuna gwajin da aka yi wa kwali 31 na daɓen da aka yo a China: ɗaya tak ya cika ƙa'idar jihar Kalifoniya, alhali kwalayen suna ɗauke da tambarin cewa sun cika. A watan Mayu kamfanin ya daina sayar da kayan, shugabansa ya yi murabus. Hannun jarin da ya haura dala 100 a 2013 ya faɗi ƙasa da dala 20. Daga baya aka sasanta da masu saye a kan dala miliyan 36, a 2019 kuma aka ƙara biyan miliyan 33 saboda yaudarar masu hannun jari game da wannan magana.

Wani zai ce ai ba wannan ne ya kashe kamfanin ba, kuma akwai ƙamshin gaskiya a maganar. Harajin da Amurka ta ɗora wa kayan China daga 2018 ya taɓa shi. Kuɗin ruwa ya tashi a 2022, mutane suka rage sayen gidaje da gyaransu, wanda bai sauya gida ba kuwa ba ya sauya daɓe. To amma wannan iska ta kaɗa kowa a kasuwar. Wanda ta tarar da rauni a jiki shi ta kayar. Kamfanin ya sauya suna zuwa LL Flooring don a manta, masu saye ba su manta ba.

Me ya kawo wannan labari shafinmu, mu da siminti da tayil ne daɓenmu? Dalili shi ne muna tsaye a bakin igiyar ta ɓangarori biyu. Daga dazukan Kamaru da Ghana ake fitar da katako mai ƙarfi zuwa Turai da Asiya. Madobiya da muka sani, an yi ta sare ta ana kai wa China don kayan ɗaki, har yarjejeniyar CITES ta tsaurara cinikinta a 2017, a 2022 kuma aka dakatar da fitar da ita. Tarayyar Turai ma ta zartar da doka a 2023 mai neman sanin ainihin filin da aka sare itace, ko da yake an yi ta ɗage ranar fara aiki da ita. Ta ɗaya ɓangaren, allunan matse da kafintocinmu ke yin gado da kabad ɗin amare da su, da irin wancan gam ake haɗa su. Wa ke gwada su a kan iyakokinmu? Kafinta na shaƙa wuni guda, amarya na kwana da shi a rufaffen ɗaki cikin zafin bazara, zafi kuwa yana ƙara fitar sinadarin.

Muna kira ga ƴan kasuwarmu masu shigo da kwantena da su riƙa neman takardar asalin itace da ta gwajin gam, kuma kada su ɗauki tambarin kwali a matsayin shaida, tunda mun ga yadda ake buga shi. Idan dillali ya kawo farashin da ya yi ƙasa da na kowa, a tambaye shi dalili kafin a biya. Hukumomin kula da ingancin kaya su ma su sa allunan nan cikin abin da suke dubawa, kamar yadda suke duba magani da abinci.

A watan Agusta na 2024 LL Flooring ya je kotu ya bayyana cewa ya karye, yana da shaguna fiye da 400. Tom Sullivan ya dawo ya sayi 219 daga ciki, ya mayar musu da tsohon suna. Sauran an rufe su, ma'aikatansu suka koma neman aiki.