Gyara Kayanka: Tubalin Wasan Yara

 An gama kaka, hatsi ya shiga rumbu, yanzu lokacin yaɓen ɗakuna ne da sharar gida. Shi ya sa a wannan wata filinmu zai yi magana bisa wani kaya da tsintsiya take yawan kaiwa juji, watau tubalin wasan yara.

Tubalin nan iri biyu ne a garuruwanmu. Akwai na laka, wanda yara suke bugawa da kwalin ashana ko gwangwanin sardin a bakin tabki, su shanya, su gina ɗaki da katanga da ɗan rumbu. Akwai kuma na roba, mai ƴan haƙora a bisa da rami a ƙasa, wanda ƴan cirani suke kawowa tsaraba daga Abijan ko Legas ko Libiya, ko kuwa a same shi cikin kayan gwanjo a kasuwa. In yaro ya girma sai kayan su watse, wasu ƙarƙashin gado, wasu cikin tsohuwar tukunya, wasu garken awaki. Ƙanensa ya taso bai tarar da komi ba.

Wani zai ce, mene ne abin damuwa ga kayan wasa? To, ku tambayi magini. Dokar gini ta farko ita ce kada gaɓa ta hau gaɓa. Kowane tubali sai ya zauna bisa biyu na ƙarƙashinsa, in ba haka ba bango ya tsage tun daga sama har ƙasa. Yaron da ɗakin wasansa ya faɗi sau uku ya gane wannan doka da hannunsa, ba wanda ya karanta masa. Ƙasarmu kuwa ƙasar magina ce. Ku dubi masallacin Yama a nan jihar Tawa. Alhaji Falke Barmu ya fara gina shi da laka a 1962, aka ƙara masa hasumiya huɗu tsakanin 1975 da 1982, har ya ci kyautar gini ta Aga Khan a 1986. Irin wannan hannu ba a sayensa a kasuwa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Shi ma tubalin roba a hannun mai sana'a ya faro. Wani kafinta ne, Ole Kirk Christiansen, a ƙaramin garin Billund na ƙasar Danmak, ya soma sassaƙa kayan wasa na icce a 1932. Ya sa wa kamfaninsa suna LEGO a 1934, daga kalmomi biyu na harshensu masu nufin a yi wasa da kyau. Tubalin roba ya fito a 1949, a 1958 kuma aka tsayar da irin kamun da yake da shi yanzu. Tun daga lokacin ba a sake awonsa ba, saboda haka tubalin 1958 yana kama na bana daram. Masana lissafi sun ƙidaya cewa tubali 6 masu haƙora 8 ana iya haɗa su ta hanya fiye da miliyan 915. Kun ga ke nan ko cikin tafin hannu aka tsira da shi, ya ishi yaro aiki.

Ga yadda ake gyaran na roba.

Na farko, a tattaro duka bisa tabarma, a raba waɗanda suka manne. Kada a sa wuƙa ko haƙori, gama in bakin tubali ya ci, ba zai sake kamu ba. A murɗa a hankali har su saki.

Na biyu, a ware su bisa siffa da girma, ba bisa launi ba. Dalili shi ne, jan tubali yana saurin ganuwa cikin ƴan'uwansa masu girma ɗaya, amma neman ƙarami cikin tarin jajaye ɓata lokaci ne. Masu haƙora 8 ƙwarya guda, masu 4 ƙwarya guda, falale da ƙafafun mota da ƙofofi kowa da wurinsa. A duba bisa haƙoran: na ainihi yana da sunan kamfanin a rubuce a kan kowane haƙori. Wanda ba shi da suna kwaikwayo ne. Kada a yar da shi, amma a ajiye shi dabam, don sau da yawa kamunsa sako-sako ne, yakan ka da gini.

Na uku, wanki. A jiƙa su cikin ruwa da ɗan sabulu, a goge ramukan da tsohon buroshin haƙori, a ɗauraye. Kamfanin da kansa ya ce kada zafin ruwan ya wuce awo 40. Ruwan da ya wuni a rana cikin tasa a watan Afrilu yana iya wuce haka. A shanya a inuwa bisa zane. Rufin kwano da tsakar rana yana lanƙwasa roba, hasken rana kuma shi ne yake mai da farin tubali ruwan ɗorawa. Wanda ya riga ya sake launi ba komi, muddin yana kamu. Wanda ya tsage kuwa a fid da shi, don bakinsa yana yanka.

Na laka gyaransa ya fi sauƙi. A ware mai lafiya da mai guntun baki. Guntayen ba asara ba ne, tun da ba a gasa su ba. A daka su, a jiƙa, a cuɗa da ɗan ƙaiƙayi, a sake bugawa da kwali ɗaya don girmansu ya zo daidai. Su ma a inuwa za su sha iska, gama lakar da ta bushe da gaggawa tsagewa take yi. Wanda yake son su daɗe, sai ya roƙi mai ginin tukwane ta sa masa su cikin wuta ranar gashi. A ajiye su cikin tukunya mai murfi, nesa da zubar ruwan damina.

Akwai gargaɗi ga uwaye mata. Yaron da bai kai shekara 3 ba, kada a bar shi da ƙananan tubala, gama komi baki yake kaiwa, yana iya shaƙe shi. Bayan haka, wani bincike da aka yi a jami'ar Plymouth ta Ingila a 2018 ya samu kadmiyam, wani ƙarfe mai guba, cikin wasu tsofaffin tubalan roba ja da rawaya na shekarun 1970. A yi gini da su, amma kada a tsotsa, kada a tauna, kada kuma a jefa roba cikin murhu.

In an gama, a ƙidaya su, a danƙa wa yaro guda mai hankali amanarsu, kowane maraice a mai da su wurinsu. Gidan da ba sauran ƙananan yara, ya kai wa mushe a lakkol, ƴan aji ɗaya su koyi ƙidaya da su. Ku kuma magina na Tamaske da Karofane da Bangi da sauran garuruwa, in kun wuce yara suna gini a bakin hanya, ku ɗan tsaya ku nuna musu yadda ake ɗaure kusurwa. Cikinsu ne za a sami mai gyara rumbunku in ƙarfi ya ƙare.

Sai wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.