Masu shirin Zanzibar, ku ɗan tsaya

Ƴan uwa ɗalibai, na ji ana ta haɗa kuɗin zuwa Zanzibar bayan jarrabawa, har da nutso a tekun Mnemba. Madalla. Amma don Allah kar araha ta kai ku hannun duk wanda ya tare ku a bakin ruwa. Da yawanmu fa ko iyo ba mu iya ba! Ku ce malamin ya nuna shaidarsa ta PADI ko SSI, ku ga tukunyar oksijin ta gaggawa a jirgin ruwan da idonku. Sabon shiga ba ya wuce zurfin mita 12. In kuma kun nutsa fiye da sau ɗaya, sai bayan awa 18 ake hawa jirgin sama.